Charles Darwin Da Tsire-Tsire Masu Cin Ƙwari

Sunan Charles Darwin ba baƙo ba ne ga duk ɗalibin da ya taɓa zama ajin ilmin halittu. Galibi ana tunawa da shi ne saboda littafin da ya wallafa a 1859 game da yadda jinsunan halittu ke sauyawa, littafin da ya ta da gardama mai zafi tsakanin masana da malaman addini. Abin da ba a cika ambata ba shi ne, daga cikin shekara 22 da ya yi a duniya bayan wannan littafi, kaso mai yawa a lambu da ɗakin rainon tsire-tsire ya ƙare shi, yana shuka iri, yana ƙirga abin da ya tsiro. Shi ne kuma ya fara kawo cikakkiyar hujja cewa akwai tsire-tsire masu kama ƙwari, su narkar da su, su tsotse amfaninsu. Amma duk da girman sunansa, maganar ba ta zauna da gindinta ba sai da aka koma ga ƙwayar iri aka ƙirga ta, aka auna nauyinta.

HAIHUWARSA DA KARATUNSA

An haifi Darwin ran 12 ga Fabrairu, 1809, a garin Shrewsbury na ƙasar Ingila. Mahaifinsa Robert Darwin likita ne mai wadata, kakansa Erasmus Darwin kuwa likita ne kuma marubuci wanda ya yi rubutu a kan tsire-tsire. Mahaifiyarsa Susannah 'yar gidan Wedgwood ce, watau gidan da ya shahara da kamfanin yin tangaran. Ta rasu a 1817, yana ɗan shekara 8.

A 1825 mahaifinsa ya tura shi Jami'ar Edinbara don ya gaji aikin likita. A wancan zamani babu maganin sa barci, ana yi wa mutum fiɗa ne idonsa biyu, kuma Darwin bai iya jure kallon wannan ba. Abin da ya fi amfana da shi a can shi ne darasin da ya ɗauka wurin John Edmonstone, wani baƙar fata da aka 'yanta daga bauta a yankin Guyana, wanda ya koya masa yadda ake gyara fatar tsuntsu a adana ta. Da mahaifinsa ya ga likitanci ya ƙi, sai ya mai da shi Jami'ar Kambirij a 1828 don ya zama limamin coci. A can ne ya haɗu da Shaihun Malami John Stevens Henslow, masanin ilmin tsire-tsire, wanda ya ja shi a jika har suka zama ba sa rabuwa wajen yawon duba itatuwa da ciyayi.

Henslow ne ya ba da sunansa lokacin da ake neman masanin halittu da zai bi jirgin ruwan nan mai suna Beagle, ƙarƙashin Kyaftin Robert FitzRoy. Jirgin ya tashi ran 27 ga Disamba, 1831, ya fara yada zango a tsibiran Kef Bade da ke yamma da gaɓar Afirka, ya zagaya Amurka ta Kudu, ya yi mako 5 a tsibiran Galapagos a 1835, bai komo Ingila ba sai ran 2 ga Oktoba, 1836. Daga wannan tafiya Darwin bai sake barin Biritaniya ba har ya mutu.

A 1839 ya auri Emma Wedgwood, 'yar kawunsa, suka haifi 'ya'ya 10, amma 3 sun rasu tun suna ƙanana. A 1842 suka tashi daga Landan suka koma wani gida a ƙauyen Downe, a gundumar Kent, kimanin mil 16 daga birnin. Tun bayan komowarsa daga teku ya kamu da ciwon ciki da amai da faɗuwar gaba, waɗanda ba su rabu da shi ba, har ya zama sa'o'i kaɗan kawai yake iya aiki a yini. Wannan lalura ce ta tsare shi a gida, gidan kuma da lambunsa suka zama ɗakin bincikensa har shekara 40.

ƘWAYAR IRI DA TSIRO

Tambayar da ta dame shi bayan tafiyarsa ita ce, ta yaya tsire-tsire suka isa tsibiran da ke can tsakiyar teku? Masana da yawa na ganin ruwan gishiri kashe iri yake yi. Maimakon ya tsaya jayayya, a 1855 sai ya jiƙa iri a kwalabe cike da ruwan gishiri, yana ɗebowa lokaci lokaci yana shukawa. Daga cikin nau'i 87 da aka gwada, 64 sun tsiro bayan sun yi kwana 28 a jiƙe, 'yan kaɗan ma sun tsiro bayan kwana 137. Wata rana kuma ya ɗebo laka cokali 3 daga bakin wani ɗan kududdufi, ya zuba a kofin shayi, ya ajiye a ɗakin karatunsa wata 6, duk abin da ya tsiro sai ya cire ya ƙirga. Tsiro 537 ya samu. Daga nan ya fahimci yawan irin da tsuntsun ruwa zai iya ɗauka a ƙafarsa daga wannan tafki zuwa wancan.

A 1857 ya share wani ɗan fili mai tsawon ƙafa 3 da faɗin ƙafa 2, ya bar ciyawa ta fito don kanta, yana sa wa kowane tsiro alama. Tsiro 357 suka fito, 295 daga cikinsu suka halaka, galibi ta bakin dodon koɗi da ƙwari. Wannan ya nuna masa cewa kwanakin farko bayan tsirowa su ne mafi hatsari a rayuwar shuka. Duk waɗannan alkaluma sun shiga cikin babban littafinsa, On the Origin of Species, wanda ya fito ran 24 ga Nuwamba, 1859.

RAƁAR RANA

A watan Yuli na 1860, ana tsakiyar cece-kuce a kan littafin, 'yarsa Henrietta kuma tana fama da doguwar jinya, Darwin ya kai iyalinsa ƙauyen Hartfield a gundumar Sussex don su sha iska a gidan 'yan'uwan matarsa. Yana yawo a dausayin da ke kusa sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro ja da masana ke kira Drosera, wanda ma'anar sunansa da Ingilishi ita ce raɓar rana. Ganyensa bai fi faɗin farce ba, kuma lulluɓe yake da jajayen gasusuwa, a kan kowane gashi akwai ɗigon ruwa mai danƙo wanda ke ƙyalli kamar raɓa, amma rana ba ta busar da shi. Ya tsinko guda 12 masu buɗaɗɗun ganye 56, ya tarar 31 daga cikin ganyen suna ɗauke da matattun ƙwari ko ragowarsu.

Ba shi ne farkon wanda ya ga tsiro ya kama ƙwaro ba. Tun a 1769 wani masani na Landan, John Ellis, ya aika wa Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin bayani da zanen wani tsiro na Amurka mai rufe ganyensa a kan ƙuda, ya kuma nuna zaton cewa abinci yake nema. Linnaeus, wanda shi ne uban tsarin raɗa wa halittu suna, ya yaba da tsiron, amma bai yarda cewa cin ƙwaron yake yi ba. Saboda nauyin sunansa, maganar ta kwanta kusan shekara 100, ana ɗaukar cewa dabba ce ke cin tsiro, tsiro ba ya cin dabba.

Darwin ya ɗauko raɓar rana ya kai gida, ya shiga gwaji. Da ya ƙirga gashin ganye 31, ya samu mafi ƙaranci 130, mafi yawa 260, matsakaici kuwa 192. Ya lura idan ƙwaro ya maƙale, gasusuwan sukan tanƙwaro sannu a hankali su tura shi tsakiyar ganyen su rufe shi, ba sa buɗewa sai bayan kwanaki. Sa'an nan ya riƙa ɗiga musu abubuwa dabam dabam. Madara, da farin ƙwai, da ruwan ɗanyen nama, da miyau, da fitsari, duk sun sa gasusuwan sun tanƙwara. Ruwan sukari, da ƙaro, da sitaci, da man zaitun, da shayi kuwa ba su motsa su ba. Bambancin shi ne, rukunin farko duk suna ɗauke da sinadarin naitirojin, wanda shi ne jigon taki, kuma shi ne abin da ƙasar dausayin da tsiron ke fitowa ta rasa. Watau abin da saiwa ta kasa samu a ƙasa, shi ganye ke farauta a sama.

Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne kaifin jin tsiron. Ya yanko ɗan guntun gashin mutum mai tsawon kashi 1 cikin 5 na milimita, wanda nauyinsa bai kai kashi 1 cikin 1,000 na miligiram ba, ya ɗora a kan gashi guda, sai ga shi ya tanƙwara. Amma ɗigon ruwan sama, duk da nauyinsa, ba ya sa shi motsi.

Wasu littattafan sun ɗauke masa hankali, ciwo kuma ya kwantar da shi, don haka ya jingine aikin. A 1863 ya gina ɗakin gilashi mai ɗumi a gidansa don rainon tsire-tsiren ƙasashen zafi, a 1872 kuma ya koma kan raɓar rana gadan-gadan. Ya riƙa yanka dafaffen farin ƙwai ƙanana ƙanana yana ɗorawa a ganye, yana ganin yadda suke narkewa. Da taimakon masana haɗa magunguna ya gano cewa da zarar ganyen ya sami nama, ruwan da yake fitarwa yakan yi tsami, kuma yana ɗauke da wani sinadari mai aiki irin na ruwan cikin dabba. Har dafin maciji gamsheƙa na Indiya ya gwada, ya ga bai kashe ganyen ba.

Ya kuma yi nazarin tsiron nan na Amurka da Ellis ya kwatanta, Dionaea, wanda ganyensa ke da ɓari biyu kamar tarko, kowane ɓari da 'yan gasusuwa 3 masu jin taɓi. Ya lura cewa haƙoran bakin tarkon sukan bar 'yan kafofi a farkon rufewa, yadda ƙananan ƙwari za su fice, kada tsiron ya ɓata kwanaki a kan abin da bai taka kara ya karya ba. A 1873 abokinsa John Burdon Sanderson ya auna ya tarar akwai motsin lantarki a cikin ganyen idan an taɓa shi, irin wanda ake samu a jijiyar dabba. Daga jihar New Jersey ta Amurka kuma wata masaniya, Mary Treat, ta riƙa aiko masa da abin da ta gano game da Utricularia, tsiron ruwa mai 'yan jakunkuna da ke kama ƙananan halittu. A watan Yuli na 1875, shekara 15 bayan yawon Hartfield, littafinsa Insectivorous Plants, watau tsire-tsire masu cin ƙwari, ya fito, da zane-zanen da 'ya'yansa George da Francis suka yi.

HUJJAR DA TA RAGE

Littafin ya sami karɓuwa, amma wasu masana, musamman a nahiyar Turai, sun ta da wata tambaya mai ƙarfi. Sun ce ko da ganyen na narkar da ƙwaro, ba a nuna cewa tsiron na ƙaruwa da hakan ba, tun da masu lambu na rainon irin waɗannan tsire-tsire ba tare da ƙwari ba kuma suna rayuwa. Tambayar tana da muhimmanci ga Darwin, domin dukan ra'ayinsa ya ginu ne a kan cewa gaɓa mai wuyar tsari irin wannan ba ta kafuwa a jikin halitta sai in tana da amfani gare ta. In tarkon ba ya ƙara wa tsiron kome, to aikin shekara 15 ya tashi a banza.

Hanyar warware wannan tana hannunsa tuntuni. Shekara 11 ya yi yana gwada bambancin irin da aka samu ta barbara tsakanin tsiro biyu da wanda fure ya yi wa kansa barbara, aikin da ya wallafa a 1876. Yakan baza iri biyun a kan jiƙaƙƙen yashi a rufe da gilashi, sai ya sami ƙwaya biyu da suka tsage a lokaci guda, ɗaya daga kowane ɓangare, sa'an nan ya dasa su a tukunya ɗaya, wannan a gefe wancan a gefe, don ƙasarsu da ruwansu da haskensu su zama ɗaya. Wani tsiro mai yaɗo, dangin dankali, sai da ya bi shi har zuriya 10.

Wanda ya ɗauki wannan hanya ya kai ta ga raɓar rana shi ne ɗansa Francis, wanda aka haifa a 1848, ya karanta likitanci amma ya zaɓi zama mataimakin mahaifinsa. A watan Satumba na 1876 matarsa Amy ta rasu kwanaki kaɗan bayan ta haifi ɗansu na fari, sai ya koma gidan mahaifinsa da jaririn, ya duƙufa ga aiki. A 1877 ya dasa raɓar rana kimanin 200 a cikin faranti 6 cike da jiƙaƙƙiyar gansakuka, ya raba kowane faranti biyu da ɗan katako, ya lulluɓe su da yadi mai raga don kada ƙwaro ya shiga. Ɓangare ɗaya ya riƙa ba shi 'yan ƙananan guntayen gasasshen nama, ɗayan kuwa ya bar shi haka nan. Da lokacin girbi ya yi, ya ƙirga furanni da kwanso da ƙwayoyin iri, ya auna su. A tsawo da yawan ganye bambancin bai kai na iri ba. A wajen iri ne gaskiya ta fito: waɗanda aka ciyar sun ba da ƙwayoyi kusan ninki biyu da rabi a yawa, kusan ninki huɗu kuma a nauyi. Aka wallafa sakamakon a 1878. Gani ya kori ji.

ƘARSHEN RAYUWARSA

Uba da ɗa suka ci gaba da aiki a kan ƙananan tsiro. Sun shuka wata ciyawa da ake ciyar da kanari da 'ya'yanta, suka riƙa sa wa kan tsiron 'yar hula mai hana haske, sai suka ga ya daina karkata wajen taga, alhali idan gindinsa aka rufe aka bar kan, yana karkatawa. Suka yanke cewa kan ne ke jin haske, sa'an nan ya aika da wani saƙo ƙasa. Sun wallafa wannan a 1880, kuma a shekarun 1920 ne Frits Went na ƙasar Holan ya ware sinadarin da ke ɗauke da saƙon, wanda aka raɗa wa suna oksin. Littafin Darwin na ƙarshe, a 1881, a kan tana ne da yadda take gyara ƙasar noma. Ciwon zuciya ya yi ajalinsa ran 19 ga Afrilu, 1882, yana da shekara 73, aka binne shi a babbar majami'ar Westminster, kusa da kabarin Isaac Newton.

Shekara guda bayan mutuwarsa, a 1883, wani masani Bajamushe, Moritz Büsgen, ya toshe kafa ta ƙarshe da ta rage. Tsire-tsiren da Francis ya yi amfani da su manya ne da aka ciro daga daji, suna iya zuwa da ajiyar abinci a jikinsu. Büsgen sai ya raini nasa tun daga ƙwayar iri, yadda wanda aka hana ƙwari bai taɓa ɗanɗana su ba tun fitowarsa. Sakamakonsa ya ƙarfafa na Francis, wanda ya ambaci aikin a bugu na biyu na littafin mahaifinsa a 1888.

ABIN DA MASU RAINO SUKA GADA

A yau an san fiye da nau'i 700 na tsire-tsire masu cin ƙwari, har da wasu a fadamu da tafkunan Afirka ta Yamma, kuma ƙa'idojin rainonsu daga iri duk suna komawa ne ga abin da Darwin ya gano, cewa 'ya'yan matalauciyar ƙasa ne. Irin raɓar rana ƙanana ne kamar ƙura, don haka barbaɗa shi ake yi a kan ruɓaɓɓiyar gansakuka da aka cuɗa da wankakken yashi, ba a binne shi, domin yana bukatar haske kafin ya tsiro. Ruwan sama ko tataccen ruwa ake ba shi, a zaunar da tukunyar cikin faranti mai ɗan ruwa don laima ta riƙa hawa daga ƙasa, saboda gishirin da ke cikin ruwan famfo da na rijiya yakan taru ya ƙone saiwa. Taki kuwa, na gida ko na zamani, in an zuba shi a ƙasar, kashe tsiron yake yi. Nau'o'in ƙasashen sanyi, irin wanda Darwin ya tsinta a Hartfield, sai irinsu ya yi makonni cikin sanyi da laima kafin ya farka. Bayan ganyen farko guda biyu, ganyen da ke biye yakan fito da gashinsa da danƙonsa, yana kama ƙwarin da ido ke gani da ƙyar. Babban abokin gabansa a wannan lokaci shi ne fumfuna, saboda haka ana bar masa iska da haske mai yawa.

Dionaea kuwa yakan ɗauki shekara 3 zuwa 4 daga iri kafin ya girma, kuma babu inda yake fitowa don kansa a duniya sai a jihohin Karolina ta Arewa da ta Kudu, cikin da'irar da ba ta wuce mil 100 daga garin Wilmington ba. Masu gaggawar neman kuɗi sun daɗe suna tono shi daga daji suna sayarwa, har a 2014 jihar Karolina ta Arewa ta mai da yin hakan babban laifi. Kowane tsiro da aka raina daga iri yana rage wanda za a sato daga dausayi. Gidan Darwin da ke Downe yanzu gidan tarihi ne, kuma a ɗakin gilashin da ya yi gwaje-gwajensa har yau ana rainon raɓar rana da 'yan'uwanta don masu ziyara su gani.